Rana Dubu ta Ɓarawo: Tarihin Dokar Fyaɗen Yara a Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya biyo hanyar Zariya daga tsakiyar Kano, idan ya iso Gyadi-Gyadi, zai tarar da hukumomi biyu kusa da juna. Ɗaya ita ce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Ɗayar kuwa kotunan majistare ne da ke Titin Kotu. Dukansu suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, kuma dukansu ana kai musu maganar yaran da manya suka yi wa fyaɗe ko wani nau'i na lalata. Likita yakan nemi sanin abin da ya sami yaron domin ya yi masa magani. Kotu kuwa tambayoyi uku take yi: yaushe aka aikata, a ina aka aikata, kuma mene ne zai ƙarfafa maganar yaron?

Waɗannan tambayoyi ba su da wuyar amsawa idan laifin sau ɗaya aka yi shi, alal misali baƙo ya tare yarinya a hanya, aka kama shi nan take. Sai dai mafi yawan abin da ke faruwa ba haka yake ba. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Binciken ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma kimanin 7 cikin 10 na waɗanda abin ya shafa sun ce ba sau ɗaya aka yi musu ba. Watau maimaitawa ita ce ta fi yawa, mai maimaitawar kuwa sau da yawa mutum ne da yaron ya sani, wanda ke da hanyar isa gare shi kullum.

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin dokar da ke hukunta wannan laifi a Kano, tun daga zamanin alƙalan Sarki zuwa dokar 2023. Tarihin zai nuna cewa gyare-gyaren da aka yi sun fi karkata ga tsananta hukunci, alhali kuwa a wajen tuhuma da shaida ƙara ta fi karyewa. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dokar da aka gada ranar nan ɗaya ta iya tambaya, sauran ranakun kuwa ba ta tanadar musu gurbi ba.

Kafin Zuwan Turawa

Shari'ar da aka bi a Kano kafin 1903 ita ce ta Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. A wurin Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, wanda ya tilasta wa mace shi ne ake tsayar wa haddi, sa'an nan ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta, ita kuwa babu hukunci a kanta. Wasu malaman mazhabar sun kai abin gaba da haka. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a 1148, ya ga cewa masu ƙwace mace da ƙarfi domin lalata hukuncin 'yan fashi ya hau su, gama fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni.

Amma haddin zina ba ya tabbata sai da shaidu 4 maza adalai, ko iƙirarin mai laifi, wanda kuma yana da damar janyewa. Shaidar yara kuwa Malikiyya ba su karɓe ta ba sai a junansu, a kan rauni ko kisa, kafin su watse ko babba ya shiga tsakaninsu. Da a ce wannan ƙofa kaɗai ke akwai, da mai lalata da yaro a ɓoye ba zai taɓa fuskantar hukunci ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ta'aziri da siyasa, watau ikon da shugaba ke da shi na horon mai ɓarna gwargwadon ɓarnarsa, ko da hujjar ba ta kai ta haddi ba. Wannan babi tsoho ne a Kano. Shaihu Al-Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa wasiƙa a kan abin da ya halatta ga masu mulki wajen tsawatar wa mutane daga haram. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkami wajen 1806, bisa roƙon mutanen gari. Littattafan da alƙalai ke dubawa, irin su Tuhfa ta Ibnu Asim da Tabsira ta Ibnu Farhun, sun kasa wanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna. Na ukun nan ana iya tsare shi, a matsa bincike a kansa. Abin lura a nan shi ne tsohuwar shari'a ta ba halin mutum da tarihinsa nauyi. Rauninta kuwa shi ne abin ya rataya ga adalcin mai mulki da zurfin ilminsa, ba a kan rubutacciyar ƙa'ida wadda talaka zai iya nunawa ba.

Zamanin Turawa da Final Kod

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Sun bar kotunan alƙalai da Majalisar Sarki suna shari'ar laifuffuka bisa Malikiyya, amma suka hana yanke hannu da makamantansa, suka kuma sa Razdan da D.O. su riƙa duba hukunce-hukuncen. A gefe guda Gwamna Lugga ya kafa tsarin dokar laifuffuka irin ta Ingila a 1904, wadda kotunan Turawa ke aiki da ita, aka kuma shimfiɗa ta ga Nijeriya baki ɗaya a 1916. Haka aka zauna da shari'a biyu a ƙasa ɗaya har fiye da shekara 50.

Da mulkin kai ya ƙarato, sai Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kira kwamitin masana shari'a a 1958. Shugabansa shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, cikinsa kuma akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Alƙalin Bida. Bisa shawararsu aka tsara dokar da aka fi sani da Final Kod, majalisa ta zartar da ita a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An ɗauko ginin dokar daga ta Sudan, ita kuwa ta Sudan daga ta Indiya ta 1860 aka samo ta.

Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe, ya kuma ce saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ce, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Sashe na 283 ya tanadi ɗaurin rai da rai ko abin da ya gaza haka, tare da tara. Sashe na 285, mai magana a kan lalatar da ba ta kai saduwa ba, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ya kuma ce yardar wanda bai kai shekara 16 ba ba yarda ba ce idan malaminsa ne ko mai riƙonsa ya aikata. Wannan ya nuna cewa masu tsara dokar sun hango haɗarin mutumin da aka ba amana.

Duk da haka akwai giɓi guda uku. Na farko, fyaɗe a sashe na 282 mace kaɗai ake yi wa. Yaro namiji sai dai a bi da maganarsa ta sashe na 284, wanda iyakar ɗaurinsa shekara 14, kuma bai bambanta yaro da babba ba. Na biyu, ba a sa wa hukuncin mafi ƙarancin wa'adi ba, saboda haka alƙali na iya ɗaure mutum shekara 2 bai saɓa wa doka ba. Na uku, wanda shi ne jigon wannan lacca, dokar ta ɗauki fyaɗe aiki guda ne da aka yi a lokaci guda. Ba ta san wani laifi mai suna dawwama a kan lalata da yaro ba.

Daga 1967 zuwa 1968 aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe na alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnati, a daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako. Da wannan sai ƙofar siyasa ta rufe. An sami rubutacciyar doka mai daidaita kowa, wanda ci gaba ne babba, amma ba a sa wani abu a gurbin wancan iko na duba tarihin mai ɓarna ba.

Ƙulli Uku a Zauren Shari'a

Domin a gane yadda giɓi na uku ke aiki, sai a ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 9 a Unguwa Uku ko Darmanawa, wadda wani maƙwabci ya shafe shekara guda yana lalata da ita, yana ba ta alewa ko yana tsorata ta, har ranar da mahaifiyarta ta lura. Ƙararta za ta ci karo da ƙulli uku.

Ƙulli na farko shi ne na tuhuma. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta Arewa ta 1960 ta ce kowane laifi da tasa tuhuma daban, kuma lalle tuhumar ta bayyana lokaci da wuri gwargwadon da wanda ake tuhuma zai san abin da zai kare. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya tabbatar masa da wannan haƙƙi. Ƙa'idar tana da hikima, domin mutumin da aka ce ya yi laifi ranar kaza yana iya kawo shaidar cewa ranar yana Wudil. To, amma yarinya 'yar shekara 9 ba ta riƙe kwanan wata. Abin da za ta iya faɗa shi ne kullum in an aike ta, ko tun kafin azumi. Gwargwadon yawan abin da aka yi mata, gwargwadon yadda ranakun za su cakuɗe a ƙwaƙwalwarta. Sai ya zamana wanda ya yi sau 50 ya fi wanda ya yi sau ɗaya wuyar kamawa. Mai gabatar da ƙara yakan zaɓi rana ta ƙarshe ya rubuta tuhuma a kanta, lauyan da ke kariya kuma ya yi ta juya yarinyar a kan Talata ce ko Laraba har maganarta ta saɓa.

Ƙulli na biyu shi ne na shaidar yaro. Dokar Shaida ta Nijeriya, wadda asalinta na 1943 ne, an sake ta a 2011. Sashe na 209 na sabuwar ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, sai dai ya ba da shaida ba rantsuwa idan kotu ta gamsu da hankalinsa, kuma ba a kama mutum da laifi bisa wannan shaida sai an sami wata hujja mai ƙarfafa ta, wadda ta nuna shi ɗin ne. Rahoton likita na iya tabbatar da cewa an taɓa yarinyar, amma shi kaɗai ba ya faɗin wanda ya taɓa ta. Kuma a lalatar da ta daɗe, sau da yawa alamun da likita ke nema sun riga sun gushe.

Ƙulli na uku shi ne na tarihin wanda ake tuhuma. Bisa ƙa'idar da aka gada daga Ingila, mugun halin mutum ba hujja ba ne a kansa a shari'ar laifi, don kada a ɗaure shi saboda sunan da ya yi. Sashe na 12 na Dokar Shaida ya buɗe 'yar ƙofa, ya yarda a kawo jerin ayyuka masu kama da juna domin nuna ganganci ko rushe wata kariya. Sai dai ba a iya shiga wannan ƙofa sai 'yan sanda sun san da sauran yaran, sun kuma haɗa ƙararrakinsu. Inda kowane caji ofis ke riƙe da littafinsa shi kaɗai, mutum na iya yin ɓarna a Hotoro, a sasanta, ya koma Sheka ya sake, ba wanda ya haɗa biyun.

Gyare-gyare daga 2000 zuwa 2023

Bayan komowar mulkin farar hula, Kano ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Dokar ta ware wa fyaɗe sashe nata, ta bambanta hukuncin wanda ya taɓa aure da wanda bai taɓa ba. A watan Agusta 2020 wata babbar kotun Shari'a a Kano ta yanke wa wani dattijo hukuncin rajamu saboda fyaɗen yarinya 'yar shekara 12, amma abin da ya kai ga hukuncin shi ne mutumin ya amsa laifinsa da bakinsa. Inda mutum ya musa, matsalar hujja tana nan yadda take. An ga haka tun a Zamfara, inda aka yi wa wata yarinya bulala 100 a watan Janairu 2001 saboda ciki, mazan da ta ambata kuwa suka musa aka sallame su.

A matakin tarayya, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, sa'an nan ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Sashe na 31 ya ce saduwa da wanda bai kai shekara 18 ba fyaɗe ce, hukuncinta ɗaurin rai da rai, kuma yardar yaron ko zaton cewa ya girma ba kariya ba ce. Da yake al'amarin yara na jihohi ne, dokar ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta karɓa. A Kano muhawara a kan shekarun aure da dacewar dokar da Shari'a ta riƙe ta shekara 20, sai a watan Mayu 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jihar, kwanaki kaɗan kafin ya sauka.

Kafin wannan, a 2014, Kano ta gyara sashe na 283 na Final Kod, ta ce ɗaurin mai fyaɗe kada ya gaza shekara 14, ga kuma diyya ga wadda aka zalunta. Wannan ya toshe giɓi na biyu. A 2015 tarayya ta kafa Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza, ta kuma yi umarni da a buɗe rajistar waɗanda kotu ta kama da laifin. An ƙaddamar da rajistar ta ƙasa a watan Nuwamba 2019 a hannun hukumar NAPTIP. Har zuwa 2024 Kano ba ta karɓi wannan doka ba, alhali kusan dukan jihohi sun karɓa.

Shekarar 2020 ita ce ta fi tayar da hankali. A watan Yuni 'yan sandan Kano suka ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, wanda ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yarinya 'yar shekara 10 zuwa tsohuwa 'yar 80. A watan ne kuma gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A watan Satumba Jihar Kaduna ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ƙasa da ɗan shekara 14 fyaɗe, majalisar Kano ma ta tattauna batun dandaƙa. Fushin jama'a yana da dalili. Amma tambayar da labarin Kwanar Ɗangora ya ɗaga ita ce ta yaya aka kai 40 kafin a kama mutum ɗaya, kuma tsananin hukunci ba ya amsa ta.

Daga Titin Kotu zuwa Babbar Kotu

Kotun majistare ba ta da ikon shari'ar fyaɗe. Idan 'yan sanda suka kai mutum Gyadi-Gyadi, abin da majistare zai yi shi ne ya karɓi rahoton farko, ya sa a ajiye shi a gidan yari, a aika da fayil Ma'aikatar Shari'a da ke Sakatariyar Audu Bako domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Sai shawarar ta fito za a shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ɗiba wa wannan shawara kwana 14, Kano kuma ta yi tata dokar a 2019 domin rage jinkiri.

A wannan tsakani ne ƙara ta fi mutuwa. Yaro yana girma, abin da ya tuna yana dusashewa. Iyaye talakawa suna kashe kuɗin mota suna barin sana'a, a ɗaga zama a sake ɗagawa. Dangin wanda ake tuhuma suna turo dattawa a rufa asiri, musamman idan gida ɗaya ne ko zuri'a ɗaya, ana tuna wa uwa cewa yarinyar za ta rasa mijin aure. Fyaɗe ba ya cikin laifuffukan da doka ta yarda a yi sulhu a kansu, amma idan iyaye suka daina kawo yarinya, mai gabatar da ƙara ba shi da shaida. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a cikin birni tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, tana ba su magani da shawara, tana rubuta rahoton da kotu ke bukata. Sai dai maganin rigakafin cutar ƙanjamau cikin sa'a 72 yake amfani, yaron da ake maimaita wa lalata kuwa da wuya a kawo shi cikin wannan wa'adi.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Kwance Ƙullin

Ƙullin tuhuma ba na Kano kaɗai ba ne, duk ƙasar da ta gaji tsarin Ingila ta gamu da shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta Ostareliya ta soke hukuncin da aka yanke wa wani uba da ake zargi da lalata da 'yarsa tsawon shekaru, domin yarinyar ta ba da labarin aukuwa masu yawa amma ta kasa bambanta ɗaya daga ɗaya, har ba a san wanne tuhumar ke nufi ba. A shekarar ce Jihar Kwinsland ta ƙirƙiro sabon laifi na dawwama a kan lalata da yaro, sauran jihohin ƙasar suka biyo baya cikin shekarun 1990.

A Amurka ma Jihar Kalifoniya ta yi irin wannan doka a 1989. Ta ce mutumin da ke zaune gida ɗaya da yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ko yake da hanyar isa gare shi a kai a kai, idan ya aikata lalata sau 3 ko fiye cikin lokacin da bai gaza wata 3 ba, ya yi laifi guda mai zaman kansa. Abin da za a tabbatar shi ne yawan aukuwar da tsawon lokacin, ba sai an tsayar da kowace rana ba. Jihar Teksas ta bi sahu a 2007, ta ce sau 2 cikin kwana 30 ko fiye, mafi ƙarancin ɗauri shekara 25.

Misalin da ya fi kusa da Kano shi ne na Indiya, tun da daga dokarta Final Kod ya samo asali. A 2012 Indiya ta yi doka ta musamman domin kare yara, maza da mata, 'yan ƙasa da shekara 18. Dokar ta sa maimaita fyaɗe ga yaro cikin laifuffuka masu tsanani, haka kuma fyaɗen da ɗan'uwa ko malami ko ɗan sanda ya yi. Ta kafa kotuna na musamman, ta ce a ɗauki shaidar yaro cikin kwana 30, a ƙoƙarta gama shari'a cikin shekara guda, kada yaron ya ga wanda ake tuhuma lokacin ba da shaida, kuma tambayoyin lauya su bi ta bakin alƙali. Kotunan Indiya sun ci gaba da fama da cunkoso bayan wannan, wanda ke nuna cewa doka ba ta aiki sai da alƙalai da kuɗi. Amma ta nuna cewa gidan da aka gina a 1860 yana gyaruwa.

Kammalawa

Idan aka jera shekarun, 1960 da 2000 da 2014 da 2020, za a ga hukunci yana ta hawa: daga ɗaurin da ba shi da mafi ƙaranci, zuwa shekara 14, zuwa maganar dandaƙa da kisa. Amma hukunci ba ya hawa kan kowa sai wanda aka tabbatar wa laifi. Akwai ma haɗarin cewa idan hukuncin ya kai kisa, dangin da mai laifin nasu ne za su ƙara ɓoyewa. Abin da ke tsorata mai ɓarna shi ne tabbacin za a kama shi, kuma ƙarar za ta kai ƙarshe.

Saboda haka ƙarfafa doka a wannan fage yana nufin abubuwa huɗu. Na farko, majalisar jiha ta sa laifin dawwama a kan lalata da yaro cikin Final Kod, ga mace da namiji, yadda tuhuma za ta ambaci tsawon lokaci da mafi ƙarancin aukuwa. Na biyu, a ɗauki bayanin yaro da wuri, sau ɗaya, a hoton bidiyo, ta hannun wanda aka horar, a kuma yi zaman a keɓe, abin da sashe na 36 na Tsarin Mulki ya riga ya halatta domin 'yan ƙasa da shekara 18. Sharaɗin hujja mai ƙarfafawa kuwa na Dokar Shaida ne, gyaransa yana hannun Majalisar Tarayya. Na uku, a haɗa bayanan caji ofis-ofis da na kotuna wuri guda, sunan wanda aka kama da laifi ya shiga rajista, makarantun boko da na allo da gidajen marayu su riƙa dubawa kafin su ɗauki ma'aikaci. Na huɗu, a ƙayyade wa fayil kwanakin da zai yi tsakanin Titin Kotu da Sakatariyar Audu Bako, a kuma san wanda za a tambaya idan ya wuce.

Lalle ne a yi wannan ba tare da taka haƙƙin wanda ake tuhuma ba, gama ƙazafi ma zalunci ne, kuma Tsarin Mulki ya ɗauki kowa marar laifi har sai an tabbatar. Dokokin Kalifoniya da Indiya ba su soke shari'a ba, sun dai sake tambayar da ake yi wa yaro ta zama wadda yaro zai iya amsawa. Ɗaliban shari'a da ma'aikatan gwamnati su ne za su rubuta irin wannan gyara, su ne kuma za su ɗauki fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Tsofaffin alƙalan Kano sun duba tarihin mai ɓarna ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba, Final Kod ya kawo ƙa'idar ya bar tarihin. Aikin da ya rage shi ne a haɗa biyun cikin doka ɗaya.